Sunan Banza Ya Yi Kasuwa

An sauke allon shagon ɗinkin Amarya da ke bakin tashar Waca ranar kasuwar da ta wuce, bayan wata tsohuwa mai suna Ƙande ta shimfiɗa tabarma a ƙofar shagon ta ce ba ta tashi sai an sauke shi. Ba a yi doke-doke ba, ba a kira kowa daga meri, ofishin magajin gari, ba. Wanda ya hau benci ya kwance allon ɗanta ne, Rabilu, malamin Ingilishi a kolejin garin, wanda ake kira Mushe kamar kowane malamin boko a nan, kuma shi ne da hannunsa ya tsara wa mai fenti haruffan da ke jiki. Kalmomi biyu ne a allon. Ta biyu Faransanci ce, tana nufin ɗinki. Ta farko, Lorel, zagi ne na Ingilawan da, kuma da ita ake kiran jikar Ƙande.

Maganar ta faro tun bara da rani.

Mushe Rabilu ya yi jami'a a Damagaram. Memwar ɗinsa, wato kundin da ya rubuta na fita, a kan kalmomin da Ingilawa na ɗaruruwan shekaru baya suke kiran mugu da ɗan banza da wanda mutuncinsa ya zube ne. An yaba masa, an tafa. Tun daga ranar ba wanda ya sake tambayarsa ko ɗaya daga ciki. A aji gaisuwa yake koya wa yara da sunayen ranaku, zagin kuwa yana nan jibge a kansa kamar rumbun da ba a fasa ba.

A ranin nan matarsa Rahina ta haifi mace. Kafin ita sun binne biyu, Najib da Fiddausi, ba wanda ya kai yaye. Macen da 'ya'yanta ke komawa haka ana ce mata mai wabi, kuma tsofaffi suna da dabararsu a kai. Sai a kai jinjiri juji a ajiye, wata ta tsinto shi, a laƙaba masa sunan wulaƙanci, don abin da ke ɗaukar yara in ya zo ya ga ba abin ɗauka ba ne ya wuce.

Ƙande ta iso daga Guci a bayan kabu-kabu da ƙullin kanwa da daddawa. Ta leƙa fuskar jaririyar, ko mayafi ba ta ajiye ba.

"Ajuji," in ji ta. "Gobe da sassafe a kai ta juji."

"Inna, an riga an zaɓi Nafisa," in ji Rahina daga kan gado.

Ƙande ta juya wajen ɗanta. "Me ake nufi da shi?"

"Abu mai daraja, Inna."

Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Mai daraja. To ku hau soro mana ku yi shela, ku ce ga ta nan a zo a ɗauka."

Rabilu ya san sunan Ajuji fiye da yadda yake so. Shi kansa ɗan wabi ne, uku suka riga shi zuwa suka koma, kuma da wannan sunan ya tashi. Ranar da aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, an rubuta Rabilu, amma yaran unguwarsu sun shigo da ɗaya sunan har cikin aji. Duk wanda ya yi shara sai ya tara ta a gaban tebirinsa ya ce ya kawo masa kayansa. Da ya bar Guci ya baro sunan can. A Waca ba wanda ya sani sai matarsa.

"Inna, wannan fa camfi ne. Rai na Allah ne."

"Wa ya ce na wani ne? Kai ma na Allah ne, amma a juji maƙwabciyarmu Gaji ta tsinto ka, kaji na tono a gefenka. Ga ka nan yau da moto da tumbi." Ta sassauta murya. "In ba za ku yi ba, in koma Guci. Amma kafin in hau mota sai na biya ta kolej, in tsaya bakin taga in kira ka da sunanka na gaskiya."

Da tsohuwar ta fita ɗora ruwan wanka, Rahina ta faɗi tata. 'Yarta ba za ta hau juji ba, ba kuma za ta amsa sunan shara ba. In aka matsa, za ta goya abinta ta tafi gidansu Dungas.

Washegari da hantsi Rabilu ya jawo kujera ya zauna gaban uwarsa, tana ɓarar gyaɗa a inuwar zana.

"Inna, in dai sunan banza ake nema, ina da su buhu-buhu. Na Ingilawan da. Sun fi namu muni."

"Nasara ya iya zagi?"

"Shi na je Damagaram na karanta."

"Ashe abin da aka sayar da bijimi dominsa ke nan. To zubo mu gani."

Ya gyara zama. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da aka tafa masa.

"Akwai bilen. Asalinsa manomi ne da ke noma gonar mai ƙasa, daga baya aka mai da shi sunan mugu."

"Manomi ne mugu? Wa ya ciyar da su, marasa kunya? Wuce."

"Akwai daraf. Dusar da ke saura in an tace giya, ana zuba wa aladu."

"Dusa ce abin banza? Ka taɓa kiwon akuya? Wuce."

"Ketif. Wanda aka kamo a yaƙi, ya zama abin wulaƙantawa."

"Kamamme yana da mai fansa. Wuce."

Sai ya fito da babban. Nizin, ya ce, shi ne matsoracin da ba shi da sauran mutunci, wanda aka yi shelar an fitar da shi daga cikin mutane. In sarki ya kira yaƙi ya ce duk wanda ya zauna gida nizin ne, to har mai ciwon ƙafa sai ya fito.

Ƙande ta ɗan tauna wannan. "Yana da nauyi," ta ce. "Amma wanda aka yi wa shela ai an san shi. Kai ba ka gane ba. Ba mugu nake nema ba, mugu ana kallonsa. Wanda ya ji kunya ma ana nuna shi da baki. Ni wanda ido ke tsallakewa nake so."

Rabilu ya gyaɗa kai. A memwar ɗinsa ma kashi uku ya raba kalmomin, sai dai shi ya ci shafuka kafin ya kai nan.

"Akwai lorel," ya ce. "Ɓatacce. Abin da ya ɓace, kuma ba wanda ya ga ya kai a yi cigiyarsa."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin ƙwarya. "Sake faɗi."

"Lorel."

"Loral." Ta juya shi a baki kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Daga cikin ɗaki aka ji Rahina ita ma tana gwadawa a hankali. A kunnenta ya yi kama da sunayen 'yan matan tele. Ba ta musa ba, kuma a wurin Rahina wannan amincewa ce.

"Saura tambaya ɗaya," in ji Ƙande. "Su waɗancan, masu ɗauka, suna jin wannan yaren? In ba su ji, ai zagin ya tashi a banza."

Wannan tambaya ba a yi masa ita a jami'a ba. Ya dubi ƙasa, ya dubi zana.

"Inna, a zamanin da ake wannan zagin an yi wata annoba a ƙasarsu, ta dinga kwashe gari guda-guda. Sun daɗe can suna aiki."

"To sun ji yaren," in ji Ƙande, ta ci gaba da ɓararta.

Aka shirya a kan haka. An yafe jujin, bisa sharaɗin in sunan ya gaza za a koma masa. Ranar suna Goni Yasin, limamin unguwa, ya raɗa Nafisa. Da wani ya tsegunta masa abin da ake ciki, sai ya ce, "Ni Nafisa na raɗa. Abin da mata ke kira a tsakar gida kunnena bai kai can ba. Amma ku kai ta rigakafi."

An kai ta. Ƙande ta gama wankan jego ta koma Guci. Yarinya ta yi zama, ta yi rarrafe, ta yi kumatu har wuyanta ya ɓace. Rahina ta ce rigakafi ne da sange, gidan sauron da take rataya mata. Ƙande ta aiko daga Guci cewa suna ne. Rabilu bai shiga gardamar ba.

Labari dai ya fita. Matan da suka taɓa binne yara suka fara sallama a ƙofar gidan da la'asar. "Mushe, a taimaka mana da irin na 'yarka." Kowace sai ya fara gaya mata cewa wannan camfi ne, rai na Allah ne, sannan ya tambaya namiji ne ko mace. Kafin kaka akwai Ketif a bayan kasuwa, akwai wani Lurdan, wato rago mai nauyin jiki, a hanyar Guci. A fadar da suke shan shayi aka fara cewa ya ba da labarin nizin, yana bayarwa har da tashi tsaye. Ilimin da ya kwana a rumbu ya sami masu awo, kuma ba za a ce bai ji daɗi ba.

A nan Amarya ta shigo. Sunanta ne haka, aurenta ya daɗe. Ita ke ɗinka wa yarinyar riguna, kuma ta lura duk wadda ta ji sunan sai ta maimaita. Ta buɗe sabon shago a bakin tasha, ta zo neman izinin sa masa Lorel. Rabilu ya gaya mata ma'anarsa. Ta ce ma'ana ta Ingilawa ce, su da suka mutu tun tuni, ita daɗin faɗi take so. Ya kamata ya hana. Abin da ya dame shi a lokacin kawai shi ne kada mai fenti ya ɓata rubutun, don haka ya zauna ya tsara masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Allon ya fito da ruwan zinariya a kan ruwan hoda, da fure a kowace kusurwa.

Ƙande ta dawo Waca a ƙarshen daminar bana don shirin yaye, wato daidai gaɓar da biyun farko ba su tsallake ba. Tana sauka a tasha ta ji wasu 'yan mata biyu a gabanta.

"Ke, ina kika yi wannan ɗinkin?"

"Lorel mana. Yanzu duk wata 'yar gayu can take kaiwa."

Tsohuwar ta tsayar da su ta ce su nuna mata. Suka nuna. Ba ta karanta boko, amma fure ba ya bukatar karatu.

Ta isa gida ta tarar da yarinyar kwance jikinta zafi rau. Rahina ta riga ta kai ta likita, an gwada an ce zazzaɓin sauro ne, an ba da magani. Ƙande ta ɗora tafin hannu a goshin jikarta, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta fito tsakar gida.

"Ajuji!"

Rabilu ya fito da sauri, yana duban katangar maƙwabta.

"Na ba ka suna ka ɓoye yarinya a ciki. Ka je ka sa masa kwalli da jan baki ka kafa a tasha. Abin da ba a cigiya, yau shi 'yan mata ke tambayar hanyarsa!"

"Inna, sauro ne. Likita ya..."

"Sauron ma ai sai da aka nuna masa gidan."

Washegari kasuwa ke ci. Tun kafin Amarya ta gama share gaban shago, Ƙande ta iso da tabarma da buta da carbi, ta shimfiɗa a bakin ƙofa ta miƙe ƙafa.

"Inna, lafiya?" in ji Amarya.

"Lafiya lau, 'yata. Hutawa nake."

"Ga benci a ciki, ga inuwa."

"Nan ma ya ishe ni."

Masu kawo ɗinki suka fara zuwa. Ba mai shiga sai ya tsallake ƙafar tsohuwa, kuma a Waca ba a haifi mai wannan ƙarfin halin ba. Suka tsaya cirko-cirko da atamfofinsu a hannu. Masu rake da masu ƙosai suka matso, don kallo ba a saye.

"Inna, don Allah me na yi miki? Sunan jikarki fa na ɗaukaka."

"Shi ne laifin."

"Kowa yana yaba shi!"

"Kina ƙara wa kanki."

Amarya ta aika kolej. Rabilu ya iso da alli a hannun riga, ya tarar da taro kamar ana dambe. Ya durƙusa gefen tabarmar ya yi ƙasa da murya. Ya ce a bari a je gida a yi magana. Ya ce allo katako ne da fenti.

"Za ka hau, ko in kira ka?" in ji Ƙande. Ta dubi taron, ta buɗe baki.

Ya hau. Waɗanda ke wurin sun ce tsoron uwarsa ne, kuma akwai wannan. Amma da safen nan kafin ya fita shi ma ya taɓa goshin yarinyar, kuma da ya zo kan ƙusa ta ƙarshe da ta ƙi fita, ba wanda ya ce masa ya fizge ta da hannu har ya yanke.

Ƙande ta naɗe tabarmarta. Amarya ta karɓi allon ta jingine shi fuskarsa na kallon bango, tana huci.

"Ni mai shago aka gani, ba na gudu," ta ce. "Sai ku je ku sauke na bayan motar Dogo, in kun isa."

Rabilu ya juyo. Wannan bai san da shi ba.

Dogo direba ne, yana jigilar 'yan kasuwa daga Waca zuwa Magariya har Sassumbrum. Ranar ba ya gari. Rabilu ya same shi washegari da safe a tasha yana ɗaure buhunan wake a saman mota. Motar ta ga duniya. Ƙofa ɗaya da igiya aka riƙe ta, tagar baya leda ce, kuma ba ta tashi sai fasinja sun tura. A bayanta an rubuta Lorel da ragowar baƙin fenti, haruffan suna gangarawa kamar za su sauka.

"Dogo, wa ya ba ka wannan?"

"A fada na ji kana bayani, Mushe. Na ce wannan ai nawa ne. Motata ma mai wabi ce. Inji biyu na binne."

"Sai ka goge."

"In goge?" Dogo ya sauko daga saman motar. "Tun da na rubuta ko faci ban yi ba. Kai ka ga amfaninsa a gidanka, ni za ka hana ni?"

"Camfi ne, Dogo."

"To in camfi ne, me ya kawo ka da sassafe?"

Dogo ya dafa bayan motar.

"Duba nan, Mushe. Amarya ƙawata shi ta yi, ta ci amanarsa. Ni fa? Dubi motar nan tsakaninka da Allah. In ta ɓace, wa zai yi cigiyarta? Ni na sa shi inda ya dace."

Rabilu ya zagaya motar, ya ga maganar tana da ƙafafu. Ya ɗauke ta ya kai gida, ya tsaya gaban uwarsa ya zuba ta kamar mai kare memwar. Ya ce allon shago ya wanke sunan, amma motar Dogo tana mayar masa da dauɗarsa kullum, a kan hanya, a gaban kowa. Ya kawo igiyar ƙofa, ya kawo ledar taga.

Ƙande ta saurara har ƙarshe.

"Sai na gani da idona," ta ce. "In motar ta kai banza yadda ka faɗa, sunan ya zauna, ta ma ƙara masa ƙarfi. In kuwa tana da kyan gani, yarinya ta hau juji ta amsa sunan ubanta. Haka muka yi da kai."

Rahina ta ce ta ji. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado, ta ajiye shi a bakin ƙofa inda kowa zai gani.

Kafin su isa tasha da tsohuwar, an tura motar ta tashi.

Zazzaɓin yarinyar ya sauka a cikin makon. Rahina ta ce magani ne, Ƙande ta ce allo ne. An ɗage yaye sai an ga mota. Akwatin yana nan bakin ƙofa, Lorel tana dafa shi tana koyon tafiya.

Motar kuwa ba ta dawo ba. A tasha magana biyu ake yi. Wasu sun ce ta mutu a cikin rairayi kafin Sassumbrum, ana jiran a jawo ta da amalanken shanu. Wasu sun ce Dogo ya samu ciniki, ya tsaya Magariya ya ba da ita a yi mata sabon fenti da sabuwar ƙofa. Wayarsa ba ta shiga.

Kullum in an tashi daga kolej Mushe Rabilu yakan biya ta tasha. Duk wanda ya tambaye shi yakan gaya masa cewa maganar nan gaba ɗayanta camfi ce, sannan ya tambaya ko akwai wanda ya ga motar da idonsa, kuma wane launi ce. Har zuwa jiya da la'asar ba a sami wanda ya gan ta ba.